Wayoyi Takwas Da Baba Ya Gyara

Babanmu ya shekara talatin da huɗu yana gyaran agogo a ƙarƙashin matakalar wani bene da ke bakin babban titi. Wurin bai kai a kira shi shago ba. Teburi ne mai gilashi, da kujera guda, da fitila mai lanƙwasasshen wuya. Idan mutane suna hawa benen, takunsu kan sa ƙananan ƙusoshin da ke cikin farantinsa su riƙa tsalle, shi ya sa ya saba da dakatawa, hantsaki a hannu, har sai mai hawa ya kai sama. A gida ma haka yake. In ka yi masa tambaya sai ya yi jim kamar yana jiran wani ya gama hawa bene, sannan ya ba ka amsa.

Kowa Mai Agogo yake ce masa, har Mama in ta tashi tsokana. Ni ce 'yarsa ta uku, malamar firamare, kuma ni ce aurena bai yi nisa da gida ba, don haka yawancin abin da zan faɗa ko a gabana aka yi shi, ko daga bakinsa na ji, kuma ba sau ɗaya ba.

Da salula ta shiga hannun kowa sai aiki ya ja baya. Wata rana daga safe har yamma canjin batir biyu kawai zai yi. Bai taɓa ƙorafi ba. Zai fita da wuri, ya goge gilashin teburinsa, ya zauna yana kallon ƙafafun masu wucewa.

Ana cikin haka wata gajeruwar mata mai tabarau ta kawo masa agogon mahaifinta da ya rasu. Ta ce mutum uku sun ce ba zai gyaru ba. Ya ce ta dawo jibi, ta ce za ta jira. Ta tsaya a kansa kusan awa guda yana miƙe wani sifirin ƙarfe na cikin agogon da bai fi gashi kauri ba. Da agogon ya tashi ba ta ko kalle shi ba, hannunsa take kallo. Ta tambaye shi ko hannun yana rawa. Ya ce sai in yana jin yunwa. Ta tambaye shi ko yana ƙyamar ɓera.

Ran nan ya dawo gida ya ce wa Mama ya sami aiki a wata cibiyar bincike da ke bayan babban asibiti, wajen wata Dakta, wato matar nan mai tabarau. Mama ta ajiye tsintsiya ta tambaye shi wane irin aiki.

“Yadda na fahimta dai,” in ji shi, “hula zan riƙa yi wa ɓeraye.”

Sai da ya yi wata guda kafin ya iya yi mana bayanin da ya fi wannan. Fararen ɓeraye ne da ake kiwo musamman, kowane da kejinsa da lambarsa. Akan sa ɓera cikin wani akwati mai ɗan maɓalli. In ya danna, sai ɗigon mofin, wato maganin nan na kashe zafin ciwo mai sa jaraba, ya shiga jikinsa ta wani siririn tiyo. Kafin mako biyu ɓera ya kamu, ya ƙyale abinci ya koma gaban maɓalli yana dannawa. Daga nan Dakta za ta yi masa allurar barci ta saka wasu siraran wayoyi biyu can cikin ƙwaƙwalwarsa, ta bar ɗan soket na jona waya a tsakiyar kansa. Wannan soket ɗin shi ne hular. Kullum da safe sai a jona masa doguwar waya a kai, a sakar masa lantarki ɗan ƙanƙani na awa guda, don a ga ko zai rage dannawa. Aikin Baba shi ne haɗa siraran wayoyin da soket, da gyara dogayen in ɓera ya gwagwiye su. Da Dakta ta ga yana da idon lura, sai ta ƙara masa da zama gaban akwatunan yana rubuta wane ɓera ke makyarkyata, wane ne ya kasa zama wuri ɗaya.

Aikin hannu bai ba shi wahala ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne dalilin aikin. Ya ce dabbobi suna zaman lafiyarsu, a ɗora musu jaraba da gangan, sannan a zo ana haɗa gumi wajen raba su da ita. Ya tambayi matar da ke share kejin tana ba su abinci, wadda kowa a wurin yake kira Uwar Ɓeraye. Shekararta goma sha ɗaya a cibiyar. Ta ce masa ita ta daina wannan tambayar tun shekara ta biyu, nata dai shi ne kada ɗayansu ya kwana da ƙishirwa ko ciwon da ba a duba ba. Tana yi musu hira in tana shara, kuma ta san halin kowane.

Mama kuwa ta kafa doka: takalmin aiki a waje, wanka kafin abinci. Ta ce ita tana nan tana ɗana wa ɓeraye tarko a bayan buhu, shi yana can yana yi wa 'yan'uwansu hidima a ɗaki mai na'urar sanyi, ɗakin da ita ba ta taɓa kwana a irinsa ba. Baba ya ce ai waɗancan ma'aikata ne.

Magana ba ta zama wuri ɗaya a dangi. Kafin wata biyu labari ya isa ga Gwaggo, autar su Baba, cewa yayanta yana aiki inda ake raba mutum da ƙwaya da lantarki. Mijin Gwaggo direban babbar mota ne. Ya faɗo daga saman kaya ya karye a ƙugu, aka ba shi ƙwayar kashe ciwo a asibiti. Ƙashi ya haɗe, shi da ƙwaya ba su rabu ba. Shekara biyu ke nan. Ya rame, ya daina doguwar tafiya, in bai sha ba sai gumi da hamma da faɗa da kowa.

Ta zo wata Asabar da hantsi, ina nan. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

“Yaya, ka sa a jona masa. Ya yarda. Ni ma na yarda.”

Baba ya ce mata ba mutane ake yi wa ba, ɓeraye ne. Ta ce to in ana yi wa ɓera, me zai hana mutum, ko mijinta bai kai ɓera daraja ba ne? Ya ce ba haka ba ne, gwaji ake yi. Ta ce a gwada a kansa. Ya ce sai an buɗe kai. Ta ce kan da ya riga ya tafi. Baba ya dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa. A ƙarshe ya ce ta ba shi lokaci, za a fara sabon gwaji, zai sa ido ya ga abin da zai fito.

Sabon gwajin na ɓeraye goma sha shida ne. Dogayen wayoyinsu, su ma goma sha shida, kowace da lamba, wani ne ya haɗa su kafin zuwan Baba, mutumin da ake kira Injiniya, wanda ya koma wani aiki. Ana saura mako biyu a fara, Dakta ta yi tafiya zuwa taro. Ta bar wa Baba saƙo cewa ya duba wayoyin, inda aka ɗan gwagwiya ya naɗe.

Baba ba ya naɗe abu bai san cikinsa ba. Ya ɗauko mitarsa ta gwada wuta ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Takwas suna wucewa da wuta. Takwas shiru. Ya buɗe kan guda ya ga an datse wayar a ciki, yanka mai kyau, har an ɗiga gam an rufe. Ya buɗe ta biyu, haka. Duk takwas ɗin haka.

Ya ce ya zauna ya daɗe yana juya abin. Ko dai Injiniya bai san aikinsa ba, ko kuma ya tafi da fushi ya yi ɓarna a kan hanyarsa ta fita. Ko wanne ne, in ya kai magana sama sunan bawan Allah zai ɓaci, mutumin da bai taɓa gani ba, mai yiwuwa ma da iyali. Sai ya yanke shawarar ya rufa masa asiri. Kwana biyu ya yi yana liƙa su da dalma, ya mayar da kowace yadda take, ko alamar buɗewa babu. Mu kaɗai ya gaya wa. Mama ta sa masa albarka. Ni ma na ce, Baba, samun irinka sai an tona. Ina tuna wannan maganar tawa har yau.

Aka yi mako shida ana gwaji. Ɓerayen suka rage danna maɓalli, duk goma sha shidan. Baba yana ganin haka da idonsa, yana dawowa gida fuska a sake. Har ya kasa haƙuri ya aika wa Gwaggo cewa akwai alamar nasara.

Ranar da aka gama, Dakta ta tara ma'aikata a ɗakin da ke da allo. Wani abokin aikinta ya kawo ambulan a liƙe ya buɗe a gabansu. Baba bai san da zaman ambulan ɗin ba. Dakta ta riƙa duba takardar ciki tana rubuta lambobin ɓeraye a allo, takwas a dama, takwas a hagu, da yawan dannawar kowane. Ta ja baya ta kalli allon. Ta sake lissafi. Baba ya ce yana ganin kafaɗunta suna sauka, shi kuwa ya kasa gane abin baƙin ciki a wurin, tunda lambobin duk sun yi ƙasa.

Ta juyo ta ce babu bambanci. Waɗanda suka sami lantarki da waɗanda ba su samu ba duk kanwar ja ce.

Baba ya yi jim ɗin nan nasa, sannan ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

“Ranki ya daɗe, waɗanne ne ba su samu ba?”

Ta nuna masa takwas na hagu. Ta ce wayoyinsu matattu ne.

“A'a, ai na gyara su. Duk suna aiki.”

Dakta ta cire tabarau ta zauna a kan teburi. Ta tambaye shi yaushe. Ya faɗa mata. Ta tambaye shi duka takwas ɗin. Ya ce duka, kuma ya sake auna su sau biyu don ya tabbatar. Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna motsi, har yau bai san dariya take yi ko kuka ba. Uwar Ɓeraye ta tashi ta fita.

Da ta sami natsuwa Dakta ta yi masa bayani. Da gangan aka datse wayoyin nan. Ana so rabin ɓerayen su sha duk abin da sauran suka sha, allura da hula da jona waya kullum, sai dai ban da lantarkin, don a ga abin da lantarkin kaɗai yake yi. An ɓoye masa ne saboda shi ke rubuta halinsu, kada sanin wane ne wane ya ja idonsa gefe guda.

Baba ya ce amma ai duk sun sami sauƙi. Ta ce haka ne, to sauƙin daga ina ya zo? Wataƙila daga lantarki. Wataƙila daga ɗaukarsu da ake yi a hannu kowace safiya. Wataƙila nauyin wayar ne ya dame su, ko kuma dama can in an kai mako shida haka suke yi. Yanzu ba wanda zai iya cewa.

“Wato da sani ake hana takwas magani?”

“Ba mu san ko magani ba ne, Baba. Abin da muke nema mu sani ke nan.”

Ya dawo gida da rana tsaka, ya shigo har tsakar ɗaki da takalmin aiki, Mama ta kalli fuskarsa ta ƙyale shi. Da na zo da yamma na tarar da shi zaune yana maimaita zancen shi kaɗai. Ya ce tun yana yaro abin da aka koya masa shi ne in ka ga abu a mace ka tayar da shi. Yau an ce masa mutuwar ita ce aikin abin. Ya ce ya gane maganar Dakta lokacin da take yi, amma da ya fito titi sai ta sulale masa. Ya sa na sake yi masa bayani da 'yan aji: in na ba duk ajin sabon littafi suka ci jarrabawa, ta yaya zan san littafin ne, ba sauƙin tambayoyin ba? Ya gyaɗa kai. Can kuma ya ce, to amma in kin hana rabin aji littafi, iyayensu fa?

Abu biyu suka fi cin ransa. Na farko, ya zargi Injiniya a zuciyarsa, alhali mutumin aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Na biyu, a ƙarshen kowane gwaji akan yi wa ɓerayen allurar da ba a tashi, don a duba ƙwaƙwalwarsu. Goma sha shida sun tafi ba a ƙaru da komai ba. Uwar Ɓeraye ta kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. A rana ta huɗu ta ajiye masa kofin shayi a gefen teburi ta wuce.

Shi dai ya riga ya tattara kayan aikinsa a jaka yana jiran takardar sallama. Dakta ta kira shi ofis ta ce ya mayar da su. Ta ce laifin nata ya fi yawa: kamata ya yi ta gaya masa akwai matattun wayoyi, abin da bai kamata ya sani ba kawai shi ne waɗanne ne. Ita ce za ta rubuta wa na sama da ita bayani, kuma ba za ta ji daɗin rubutun ba. Sannan ta ce tana so ya haɗa sababbin wayoyi goma sha shida, takwas masu rai, takwas matattu, su yi kama da juna yadda shi kansa ba zai iya bambancewa ba.

Ya ce ranar da ya ɗora almakashi a kan lafiyayyar waya ta farko, hannunsa ya yi rawa, kuma ba yunwa yake ji ba. Amma da ya fara sai sana'a ta motsa. Ya lura matattun Injiniya sun ɗan fi sauƙin lanƙwasa a wuya, sai ya yi nasa yadda nauyi da tauri duk suka zo ɗaya. Ya zuba su a kwali ya miƙa wa abokin aikin Dakta ya sa musu lamba a bayan idonsa. Daga nan ya ɗauki mitarsa ya kai wa Dakta ya ce ta kulle a durowa, don bai yarda da kansa ba.

Saura Gwaggo. Da ƙafarsa ya je ya janye maganar da ya aika mata. Kafin ya je ya tambayi Dakta kai tsaye yaushe abin zai iso ga mutane. Ta ce shekaru, in ma zai iso, kuma ba za ta yi masa alkawarin zai iso ba. Ta rubuta masa sunan wani sashe a asibiti inda ake taimakon irin mijin Gwaggo da abin da aka riga aka sani, magani a hankali da zama ana tattaunawa. Gwaggo ta karɓi takardar ta ce ashe dai ɓera ya fi mijinta gata. Baba ya so ya gaya mata ƙarshen ɓerayen, sai ya fasa. Ta yi wata biyu ba ta taka gidanmu ba.

Mijin nata ya je sashen, ya daina zuwa, ya koma ruwa, ya sake komawa sashen. Yanzu watansa takwas yana tuƙa ƙaramar mota a cikin gari, ya ɗan yi kumatu. Ba wanda ya ce ya warke, shi ma bai ce ba. Gwaggo ta dawo zuwa gida, sai dai ba a tayar da zancen lantarki in tana nan.

An sake gwajin, aka sami bambanci, amma ɗan kaɗan. Aka sake na uku. Bayan shekara biyu da rabi Dakta ta ba Baba wasu takardu shafi goma sha ɗaya cikin Turanci, ta nuna masa sunansa a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, inda ake godiya. Ya kawo mini su a leda ya ce in karanta masa. Na gaya masa gaskiya, rabin kalmomin ban taɓa gamuwa da su ba. Ya ce in tsallake zuwa inda aka faɗi ko yana aiki ko ba ya aiki.

Na nemo ƙarshen na fassara masa gwargwadon iyawata. An ce a cikin waɗannan ɓerayen an ga alamar lantarkin yana rage neman maganin. An ce ba a san ko ragin zai ɗore ba, ba a kuma san dalilinsa sosai ba. An ce ana buƙatar ƙarin bincike.

Mama tana tsintar wake a gefe, ta ɗago ta ce, shekara biyu da rabi ana wanka kafin abinci, don a rubuta cewa ba a sani ba?

Baba ya ce shi ma ya rasa ko murna zai yi. Ya ce amma Dakta ta yi murna sosai, har ta sayo wa kowa lemo, to shi ma ya sha. Ya miƙo mini biro ya ce in rubuta masa abin da na karanta da Hausa a bayan shafin ƙarshe, don ya riƙa dubawa. Na rubuta layi uku. Ya bi su da yatsa a hankali, ya ninke takardun ya mayar cikin leda.

Sannan ya ce wa Mama ta taimaka ta goge masa farar rigarsa, don ranar Litinin za a kawo sababbin ɓeraye, ashirin da huɗu wannan karon. Wayoyin kuma an ce iri uku za a yi: masu rai, da matattu, da wasu da Dakta ta yi masa bayaninsu har sau biyu, ya ce mata ya gane don kunya.